Kilo 11 da Na Ɓoye a Hanyar Pemba

Mu mutanen Kaduna ba mu da wata alaƙa da teku, domin ruwa mafi girma da yawancinmu muka sani shi ne kogin da ya ratsa gari, wanda muke tsallakewa ta kan gada ba tare da ko leƙa shi ba, sai fa idan damina ta yi nisa ya fara yi wa gidajen bakinsa barazana. Saboda haka ban taɓa tsammanin wata rana zan zauna ina bin rahotannin haɗarin ƙananan jiragen sama masu jigila tsakanin tsibirai ba, har abin ya riƙa cinye mini dare. Abin da ya jefa ni cikin wannan karatu wata 'yar ƙarya ce da na yi a wurin awon kaya a Zanzibar, wadda a lokacin ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Aiki ne ya kai ni can, wani taro na kwana huɗu a babban tsibirin da mutanen wurin suke kira Unguja. Da aka watse daga taron sai wani abokin aiki ɗan asalin Pemba ya matsa mini lallai sai na je na ga garinsu kafin in juyo gida. Pemba shi ne tsibiri na biyu a girma, yana arewa da Unguja, kuma daga can ne mafi yawan kanumfarin Zanzibar yake fitowa. Hanya biyu ce ake zuwa, ko dai jirgin ruwa wanda yake cin sa'o'i, ko kuma ƙaramin jirgin sama wanda yake kaiwa cikin kamar rabin awa. Ni da na fi son mai araha na ce mu bi ruwa, amma abokin nawa ya girgiza kai, ya tuna mini da jirgin ruwan nan mai suna Spice Islander da ya nitse a tsakanin tsibiran biyu a daren 10 ga Satumba, 2011, bayan an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, wanda daga baya kwamitin bincike ya ce waɗanda suka mutu ko suka ɓace a cikinsa sun haura 1,500. Ya ce tun daga wannan shekarar mahaifiyarsa ta hana shi bin ruwa da dare. Ban ƙara musu ba.

A filin jirgi wata ma'aikaciya mai lulluɓi ta ɗora jakata a kan sikeli, ta karɓi ta hannuna ita ma ta auna, sannan ta ɗago kai ta tambaye ni nauyina. Na ji tambayar banbaraƙwai, wai namiji da suna Hajara, domin duk jiragen da na taɓa hawa daga Kaduna zuwa Legas ko daga Kano zuwa Jidda ba wanda ya taɓa damuwa da tumbina. Rabona da hawa sikeli ya fi shekara uku, kuma a wancan lokacin kilo 85 na gani. Na san sarai cewa tela ya ƙara mini yadi a ɗinkin Sallar da ta wuce, amma ga mutane a bayana suna saurare, sai na buɗe baki na ce 85. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta ce komai ba, ta rubuta.

Jirgin ƙirar Cessna Caravan ne, injinsa guda ɗaya a hanci da farfela a gaba, kuma mutanen da yake ɗauka ba su kai na motar Hiace da ke lodin Zariya ba. Matuƙin saurayi ne, shi kaɗai ba mataimaki, har ma wani fasinja ne ya zauna a kujerar da ke kusa da shi. Na wuce can baya na zauna don in sami taga, amma kafin ya tayar da inji sai ya waiwayo ya ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ni, ya roƙe ni cikin ladabi da in dawo kujerar da ke daidai fiffike, wata yarinya siririya ta koma wurina. Mutane suka yi 'yar dariya, ni ma na taya su don in kare kunya. Muka tashi, muka ratsa teku mai launin shuɗi da kore, muka sauka kusa da Chake Chake lafiya lau.

Da na dawo Kaduna na kai wa kawuna tsarabar kanumfari a gidansa da ke Hayin Banki. Tsohon bakaniken jirgin sama ne wanda ya yi shekaru masu yawa yana kwance inji yana ɗaurawa kafin ya yi ritaya. Bayan La'asar muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida na kawo masa labarin a matsayin abin dariya, amma ko murmushi bai yi ba. Ya ajiye ƙullin kanumfarin ya ce, "Ɗan nan, nawa ka rage?" Na ce, "Wallahi Kawu ban sani ba, wataƙila biyar ko shida." Ya ce, "To kai ka rage shida. Idan ku goma sha biyu ne kowa ya rage nasa shidan, ai kun ɗauki mutum guda cur wanda ba ya cikin takardar matuƙi." Daga nan ya ɗauki sandarsa ya ɗora ta a kan yatsa ɗaya, ya nuna mini yadda jirgi yake rataye a kan fiffikensa kamar sikelin mahauta mai faranti biyu. Idan nauyi ya taru a baya, hanci zai ɗaga sama fiye da yadda matuƙi yake so, gudun jirgi ya ragu, iskar da take ɗauke da fiffike ta kuɓuce, jirgi ya faɗo. Ya ce wannan yaron da ya tashe ni daga kujerar baya idonsa ya gaya masa abin da bakina ya ɓoye, kuma na ci sa'a da na gamu da mai lura.

Wannan magana ce ta sa na fara nema, kuma ban yi nisa ba na ci karo da haɗarin da ya yi kama da ƙaryata har ya tsorata ni. Ranar 22 ga Oktoba, 2009, wani ƙaramin jirgi mai inji biyu ƙirar Britten-Norman Islander na kamfanin Divi Divi Air ya tashi daga tsibirin Curaçao zuwa Bonaire a tekun Karibiyan, ɗauke da fasinjoji 9 da matuƙi ɗaya. Bai daɗe da tashi ba injin dama ya mutu. A ƙa'ida irin wannan jirgin yana iya ci gaba da tafiya da inji ɗaya, kuma matuƙin ya zaɓi ya ƙarasa Bonaire maimakon ya juya inda ya fito, duk da cewa nan ne ya fi kusa. Sai dai jirgin ya ƙi tsayawa a tsayin da yake, ya riƙa yin ƙasa a hankali har ya zama dole a sauke shi a kan ruwa gab da isa. Duk fasinjojin sun fita da ransu, jiragen ruwan da ke kusa suka tsamo su, amma matuƙin ya bugu ya suma, ba a iya fitar da shi ba, ya nitse tare da jirgin. Da hukumar binciken haɗari ta ƙasar Holan ta zauna ta yi lissafi, sai ta gano cewa kamfanin ba ya auna fasinja, kowa ana rubuta masa kimanin kilo 73 har da jakar hannunsa, alhali matsakaicin nauyin waɗanda suke cikin jirgin a ranar ya kai kimanin kilo 85. Da aka haɗa wannan da kaya da mai, jirgin ya zarce iyakarsa da kusan kashi 9 cikin 100. Muddin injinan biyu suna aiki ba mai gane komai, kuma da ma haka aka saba tafiya kullum ana dawowa lafiya. Ranar da ɗaya ya tsaya ne kilo 12 na kowane mutum suka fito fili.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Kawo da safe ya san wannan hali, yadda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, a danna buhunan masara a but har bayan motar ya kusa taɓa kwalta, ɗan kamasho yana cewa a matsa a gyara, tafiyar ba nisa. Mun kuma ga abin da irin wannan lodin ya jawo a kan ruwa, kamar kwale-kwalen da ya kife a yankin Warra na jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da mutane fiye da ɗari. Turawa da kuɗinsu ma ba su tsira daga halin ba, domin mawaƙiyar nan ta Amurka, Aaliyah, ta rasu ne ranar 25 ga Agusta, 2001, tare da mutum 8, lokacin da ƙaramin jirgin da ya ɗauko su daga tsibirin Abaco na Bahamas ya faɗi yana tashi, bayan an ɗora masa kaya da mutane da suka zarce iyakarsa da fiye da kilo 300. Bambancin kawai, kamar yadda Kawu ya faɗa, shi ne cewa mota idan ta gaji sai direba ya gangara gefen titi ya buɗe bonet, shi kuwa jirgin da yake tsakiyar teku ina gefen titinsa?

Abin da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne, ga mazauna waɗannan tsibirai ƙaramin jirgi motar haya ce kurum. Shi yake kai mai naƙuda asibiti, shi yake kawo malamin makaranta da magani da wasiƙa. A tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan akwai jigilar da ba ta da ta biyu wajen gajarta a duniya, tsakanin Westray da Papa Westray, tazarar da ba ta kai kilomita 3 ba, kuma jirgin yakan yi ta cikin abin da bai kai minti biyu ba. A tsibirin Barra, can ma a Sikotilan, a kan rairayin bakin teku jirgi yake sauka, saboda haka lokacin tashi da sauka yana bin janyewar ruwa ne. Tsibirin Saba kuwa a Karibiyan titin jirginsa mita 400 ne kacal, wato zagaye ɗaya na filin guje-guje a filin wasa na Ahmadu Bello idan aka miƙe shi, kuma kowane ƙarshensa gangare ne da ya faɗa teku. Mutumin da yake hawa irin wannan jirgin sau biyu a mako ya daina jin cewa yana cikin wani abu mai haɗari, haka ma matuƙin da yake tashi yana sauka sau goma kafin Azahar, haka ma bakaniken da ya ga jirgin ya dawo lafiya jiya da shekaranjiya. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma a yawancin rahotannin da na karanta wannan turken ne na riƙa gani.

Haɗarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsibirin Moorea a tekun Fasifik, wanda yake ƙarƙashin Faransa. Tsakaninsa da Tahiti, babban tsibirin yankin, kimanin kilomita 17 ne, abin da bai kai rubu'in tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba, kuma jirgi yana yin ta cikin minti 7. Ranar 9 ga Agusta, 2007, da rana tsaka, sama garau, wani jirgi ƙirar Twin Otter na kamfanin Air Moorea ya tashi da fasinjoji 19 da matuƙi ɗaya. Bai gama hawa ba hancinsa ya sunkuya, ya tsunduma cikin teku a kan idon mutanen da suke bakin ruwa, kuma ba wanda ya tsira. Sai da aka tsamo jelar jirgin daga zurfin ɗaruruwan mitoci sannan hukumar bincike ta Faransa ta gano musabbabin. A irin wannan jirgin igiyoyin ƙarfe ne suke tafiya daga sitiyarin matuƙi har zuwa jela, kamar wayar birkin keke amma mai kauri, wadda aka tufka da silili masu yawa, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce take ɗaga hancin jirgi. Iskar teku tana ɗauke da gishiri mai cin ƙarfe, don haka akan sa wa wasu jiragen igiyoyi na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma irinsu ne a jikin wannan jirgin. Sai dai shi wannan ƙarfen, ko da yake ya fi jure gishiri, ya fi saurin sudewa a wuraren da yake gogar maƙallansa, kuma ba a tanadi wani dubawa na musamman saboda hakan ba. Jirgin da yake tashi yana sauka duk bayan 'yan mintoci kuwa igiyarsa tana shan guga fiye da na mai dogon zango, ko da sa'o'in da suka yi a sama daidai suke.

Amma sudewar kaɗai ba ta isa ta tsinka igiyar ba, kuma nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Masu binciken sun ce abin da ya fi yiwuwa shi ne, a wurin da ake ajiye ƙaramin jirgin ya kwana a babban filin jirgin Tahiti, manyan jirage masu zuwa ƙasashen waje suna juya masa baya idan za su fita, hucin injinansu ya daki jelarsa da ƙarfin da ya tsinka wasu daga cikin sililan da suka riga suka sude. 'Yan sililan da suka rage suka ci gaba da riƙe jirgin na wasu tafiye-tafiye, har ranar da matuƙin ya janye faifan bayan fiffike kamar yadda ake yi bayan kowane tashi, nauyi ya ƙaru a kan igiyar, ta ƙarasa tsinkewa. Matuƙin bai yi wani kuskure ba, kuma daƙiƙu kaɗan ne tsakaninsa da ruwa. Da na karanta wa Kawu wannan ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce a zamaninsu akan bi igiya da tsumma a hannu, inda tsumman ya maƙale an san sili ya tsinke a nan, kuma aikin yana cin yini guda, shi ya sa mai gaggawa yake ƙin sa.

Labarin jirgin kamfanin Chalk's na Amurka ma bai yi nisa da wannan ba. Jirgi ne mai sauka a kan ruwa, ƙirar 1947, wanda ya tashi daga Miami zuwa tsibirin Bimini na Bahamas ranar 19 ga Disamba, 2005, fiffikensa na dama ya ɓalle a sama, mutum 20 suka mutu, mafi yawansu 'yan Bimini ne da suka je sayayyar Kirsimeti. Kafin ranar matuƙa sun sha kai ƙorafin cewa mai yana yoyo daga wannan fiffiken, kuma duk lokacin da suka kai sai a kankare tsohon danƙo a shafa sabo, ba tare da an tambayi abin da yake sa yoyon yana dawowa ba, alhali tsaga ce take tafiya a cikin ƙarfen. Ruwa ba ya tsami banza. A tsibirin Antigua na Karibiyan kuma, ranar 7 ga Oktoba, 2012, wani Islander da zai je tsibirin Montserrat ya faɗi yana tashi, mutum 3 cikin 4 suka rasu, saboda an yi ruwan sama mai ƙarfi jirgin yana ajiye, kuma murfin tankin mansa bai dace da bakin tankin ba, ruwa ya shiga. Ruwa ya fi man jirgi nauyi, yana kwanciya a ƙasan tanki, shi ya sa tun a darussan farko a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ma kowace makaranta irinta, ake koya wa ɗalibi ya tsiyayi ɗan mai a kwalba ya ɗaga ya duba kafin ya shiga jirgi.

Akwai kuma wani laifin nawa da ban gane ba sai daga baya, wato ban san inda rigar ceto take ba a duk rabin awar da na yi a kan teku. Matuƙin ya yi bayani, ni kuwa ina fama da waya ina neman ɗaukar hoto. Ranar 11 ga Disamba, 2013, wani Caravan irin wanda na hau ya tashi daga Kalaupapa a tsibirin Molokai na Hawayi, injinsa ɗaya tilo ya tsaya, matuƙin ya sauke shi a kan ruwa da gwaninta har duk mutum 9 da suke ciki suka fita, kuma wani fasinja ya ɗauki bidiyon abin tun daga faɗawa ruwa. Amma mutum ɗaya ta rasu tana kan ruwa kafin a zo ceto, ita ce Loretta Fuddy, shugabar ma'aikatar lafiya ta jihar, kuma da aka tsamo ta an tarar rigar ceton da take jikinta ta jarirai ce. Binciken ya nuna cewa matuƙin bai yi wa fasinjojin cikakken bayanin matakan kariya ba kafin tashi, domin ya ɗauka sun riga sun ji a tafiyar safe. Wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a hura rigar sai an fita daga jirgi, domin idan ruwa ya cika ɗaki hurarriyar riga tana manna mutum da rufi ya kasa nutsawa ya bi ƙofa. Haka ya faru da mutane da dama a babban jirgin Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku a gaɓar tsibiran Komoros da ke gabashin Afirka a watan Nuwamban 1996, jirgin da Legas tana cikin zangonsa.

Sai batun yanayi, wanda mu ma nan muna da namu. Duk shekara idan hazo ya sauko a Disamba da Janairu akan soke tashin jirage a filin jirgin Kaduna, kuma na sha ganin manyan mutane suna ɗaga murya a kan ma'aikata kamar su ne suka turo ƙurar daga Sahara. A ƙaramin tsibiri matsin ya fi haka, domin matuƙin ya san fasinjojinsa da sunayensu, ya san wanda yake da ɗaurin aure da wanda yake da mara lafiya, kuma ba wani jirgin sai gobe ko jibi. Ranar 28 ga Oktoba, 1989, wani Twin Otter da ya taso daga tsibirin Maui zuwa Molokai da dare ya shiga gajimare alhali matuƙin yana tafiya ne da ganin ido, ya daki dutse, mutum 20 suka mutu, cikinsu har da 'yan wasan ƙwallon raga 8 na makarantar sakandaren tsibirin da suke dawowa daga gasa. A wurin da mutanensa ba su fi 'yan dubbai ba, da wuya a sami gidan da wannan makoki bai shiga ba. A nan Afirka ma, ranar 26 ga Fabrairu, 2022, wani Caravan da ya tashi daga Moroni zuwa tsibirin Mohéli a Komoros ya faɗa teku gab da isa da mutum 14, kuma rashin kyawun yanayi ya kawo cikas ga masu neman ceto. Tun da na karanta waɗannan na daina jin haushin matuƙin da ya dubi sama ya ce yau ba tafiya, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kada a ɗauka ina cewa a guji ƙananan jirage ne. Da za a sake ba ni zaɓi tsakanin Caravan da jirgin ruwan dare zuwa Pemba, Caravan zan sake hawa. A Komoros ɗin nan, ƙananan kwale-kwalen da ake kira kwasa-kwasa, masu tsallaka mutane daga tsibirin Anjouan zuwa na Mayotte, sun ci rayukan dubbai, abin da duk haɗarin jiragen saman yankin bai kama ƙafarsa ba. Jigilar Westray kuwa tun 1967 ake yin ta. Abin da ya burge ni a harkar jiragen sama shi ne duk haɗarin da aka yi sai an bi diddiginsa an rubuta an wallafa, har wani ɗan Kaduna da bai taɓa ganin Tahiti ba ya iya zama a ɗakinsa ya san wace igiya ce ta tsinke da dalilin tsinkewarta. Mu kuwa idan kwale-kwale ya kife ko mota ta ƙone, yawanci akan ce kwana ne ya ƙare, a yi addu'ar uku da ta bakwai, a koma lodi kamar jiya. Ajali gaskiya ne, ba mai musun wannan, amma wanda ya koyar da mu tawakkali shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna. Tun daga 2022 doka ta faɗaɗa aikin hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta Najeriya ya haɗa da na ruwa da na jirgin ƙasa, kuma ina fatan rahotanninta za su riƙa isa hannun shugabannin tasha da sarkunan ruwa cikin harshen da suke ji.

Makonni bayan hirarmu da Kawu na shiga Kasuwar Barci neman wani abu, sai na ga yaron nan mai yawo da sikeli ya ajiye shi a gefen hanya yana kiran mutane su zo su gwada nauyinsu. Na wuce shi, na yi taku kaɗan, sannan na dawo. Na cire takalmi, na ba shi wayata da makullan mota ya riƙe mini don kada su ƙara komai, na hau. Allurar ta yi rawa ta tsaya. Yaron ya sunkuya ya duba, ya ɗago ya ce, "Alhaji, casa'in da shida." Na ce ya sake dubawa, sikelinsa ba daidai yake ba. Ya sauke ni, ya murɗa ɗan abin da ke ƙasa har allurar ta koma kan sifiri, ya ce in sake hawa. Na sake hawa, ta sake tsayawa a kan 96. Na biya shi kuɗinsa na sa takalmina, kuma har yau ban gaya wa Kawu cewa ba shida ba ne.